Gidan da Iska ke Ratsawa: Jagora ga Mai Shirin Gini a Yamai da Tawa

Duk wanda ya yi bazara a Yamai ya san irin wannan daren. Wajen ƙarfe ɗaya wuta ta ɗauke, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, kafin minti goma gida duk ya fito tsakar gida da tabarmi da matasai. A waje akwai ƴar iska mai kaɗawa, tana motsa ganyen dogon yaro. Amma ka koma ɗaki ɗauko ruwa, ka ɗora tafin hannunka a bango: zafi rau, kamar an sauke tukunya daga murhu. Shekara huɗu na yi a irin wannan ɗaki a wani gidan haya a Talaje. Ƙofa da taga duk a bango ɗaya suke, bayan ɗakin katangar maƙwabci, sama kuma kwano, wanda a nan muke ce wa tol, babu komai tsakaninsa da kanmu. Jaririyarmu ta yi fama da ƙurajen zafi har wuyanta ya saɓule. Alhali ɗakin ƙasa na kakata a Tawa, mai ƴan tagogi ƙanana biyu da rufin azara, ana iya yin barcin azahar a cikinsa a watan Mayu.

Tun daga lokacin na ɗauki maganar iska da muhimmanci, kuma abin da na fahimta shi ne: iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita, kuma a ƙasarmu ba kowace iska ake yi wa maraba ba. Gida mai daɗin zama shi ne wanda za a iya toshe shi ruf da rana, a buɗe shi wayam da dare. Ga yadda ake bi.

Fara da sanin iskar filinka

Kafin a zana komai, kafin a sauke bulo ko ɗaya, ka san cewa iska uku ce ke ziyartar gidanka, kowace da halinta.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, busasshe, ɗauke da ƙura. Farkonsa sanyi ne, daren Janairu a Yamai na sauka zuwa wajen digiri 16. Ƙarshensa kuwa, in Maris ya kama, iskar nan ta zama hucin wuta. Daga wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu iska ke juyawa, ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga can teku, da ɗan laima a jikinta, ta zauna har ƙarshen damina. Wannan ita ce wadda muke son kamawa. A Tawa, da yake ta fi Yamai kusa da hamada, takan ɗan makara kuma ta riga tafiya. Ta uku ita ce iskar hadari, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura a gabanta da ruwa mai duka a bayanta. Shi ya sa magina na da ba sa son buɗe taga a bangon gabas, kuma shi suke fara yi wa yaɓe kafin damina.

Wannan shi ne tsarin gari gaba ɗaya, amma filinka na da nasa. Benen maƙwabci, layin da ke gabanka, gangaren da ke kallon kogi, duk suna karkatar da iska. Ka samu sanda mai tsawon mita uku, ka ɗaura mata siririn ƙyalle a sama da wani a daidai ƙugu, ka kafa a tsakiyar fili. Ka riƙa zuwa da asuba, da la'asar, da bayan isha'i, kana rubuta inda ƙyallen ya nufa. In da hali ka yi haka cikin bazara da cikin damina. Ka kuma tambayi tsohon da ya daɗe a unguwar inda yake shimfiɗa tabarmarsa da dare. Amsarsa taswira ce.

Daidaita gidan da rana tukuna

Ga wani rikici da ke ruɗa mutane. Iskar da ake so daga kudu maso yamma take, sai mutum ya ce bari in buɗe manyan tagogi a yamma. Kuskure ne babba. Ranar la'asar, daga ƙarfe uku zuwa biyar, tana sauka ƙasa-ƙasa ta soki bangon yamma kai-tsaye, daidai lokacin da gari ya kai ƙololuwar zafi, digiri 41 ko 42 a Afrilu da Mayu. Babu ƴar rumfar taga da za ta tare ta.

Mafita ita ce a shimfiɗa gidan da tsawonsa daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa biyu su kalli kudu da arewa, a nan za a sa tagogi. Iska ba sai ta bugi taga gaba da gaba ba. In ta zo a karkace, kamar yadda ta kudu maso yamma ke zuwa wa bangon kudu, tana shiga sarai, har ma ta fi zagaya ɗakin. Rana kuwa, da yake Yamai na kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Tawa kusan 15, a watannin zafi kusan a tsakar ka take wucewa. Daga Mayu zuwa farkon Agusta ma ta ɓangaren arewa take bi. Saboda haka baki-bakin rufi da ya fito santimita 60 zuwa mita ɗaya ya isa ya inuwantar da bangon kudu da na arewa a lokacin da ake buƙata. A Disamba da Janairu rana na sunkuyowa kudu ta ɗan leƙo baranda, kuma a lokacin ana sonta.

Gajerun bangayen gabas da yamma ka bar su kusan a toshe. A yamma ka jingina abin da ba a kwana a ciki: ɗakin ajiya, matakala, makewayin cikin gida, garejin mota. Su sha ranar a madadin ɗakin kwana. Madafa da masai na waje ka kai su kusurwar arewa ko arewa maso gabas, domin iskar damina ta tafi da hayaƙi da wari waje, lokacin hunturu kuma tagogin wannan ɓangare a rufe suke dama.

Kowane ɗaki mashiga da mafita

A nan ne gidajenmu na yanzu suka fi faɗuwa, don haka zan daɗe.

Idan iska ta bugi bango, tana matsa shi ta gaba, ta bayan ginin kuma tana zuƙa. Bambancin nan na matsi da zuƙa shi ke jan iska ta ratsa ɗaki. In duk ƙofofin a bango ɗaya suke, babu bambanci, iska sai ta yi sallama a bakin taga ta juya. Gwada busa cikin kwalba ka gani. Don haka doka ta farko: kowane ɗakin da ake kwana ko zama a ciki ya samu buɗi a bangaye biyu, mafi kyau masu kallon juna, in bai yiwu ba masu maƙwabtaka, a nesa da juna gwargwadon iko.

Wannan na nufin gida ya zama siriri. Ɗaki ɗaya a faɗi, da baranda a gabansa, ya fi ɗakuna biyu baya da baya da lungu mai duhu a tsakiya, irin zanen da ya cika sababbin unguwanni. Masana sun auna cewa iska mai ratsawa na aiki da kyau muddin nisan da ke tsakanin mashiga da mafita bai wuce ninki biyar na tsayin ɗakin ba. In kuwa ta gefe ɗaya kawai take shiga, ba ta wuce ninki biyu ko biyu da rabi. A fili mai murabba'in mita 300 ana iya jera ɗakuna kamar harafin L ko U, a bar tsakar gida a buɗe ta kudu ko kudu maso yamma. Ba sabon abu ba ne, tsarin gidan Bahaushe ne tun kaka da kakanni, zaure a gaba, tsakar gida a ciki, ɗakuna kewaye. In dole sai ɗaki ya bi bayan wani, a bar buɗi a saman ƙofar da ke tsakaninsu, mai faɗin ƙofar da tsayin santimita 40 ko 50, domin ko an rufe ƙofa iska ta wuce.

Kada a manne gini da katangar baya. Na san ƙasa ta yi tsada a Yamai, kowa na son cinye filinsa har iyaka. Amma mita ɗaya da rabi ko biyu da ka bari a baya shi ne numfashin gidan duka. Lokacin da muke aza harsashin gidanmu, magini ya dube ni ya ce, «Alhaji, wannan lungun asara ce, ɗaki guda ne fa kake zubarwa.» Na ce masa, «Malam, ɗakin da ba a iya kwana a cikinsa wata uku a shekara, shi ne asarar.» Ya yi shiru, ya matsar da igiyarsa.

Sai girma da tsayin tagogi. Ga ɗaki mai mita 4 da 4, ni abin da nake ba da shawara shi ne tagogi biyu, kowace mita 1.2 da 1.2, ɗaya kudu ɗaya arewa. Jimillarsu kusan kashi 18 cikin ɗari na daɓen ɗakin ke nan. Mafita kada ta gaza mashiga. In ma ta ɗan fi ta, iska na ƙara gudu a inda take shigowa, kamar ruwa a bakin indararo. Kuma a tuna gudun nan shi ne sanyin. Iskar da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa kan fata na sa mutum ya ji kamar an rage digiri biyu zuwa uku, ko da ma'aunin zafi bai motsa ba.

Abin da aka fi mantawa: iska ta bi ta kan jikin mutum, ba ta saman kansa ba. Mu masu zaman tabarma ne da katifa a ƙasa. Tagar da ta fara daga mita ɗaya da rabi, iskarta silin take sanyayawa. Mashiga ta fara daga santimita 60 zuwa 80 daga daɓe, kuma kada tagogin biyu su yi saitin juna a lungu ɗaya, iska ta bi bango ta fice ta bar tsakiyar ɗaki a tsaye. A goce su, hanyar iska ta yanka ɗakin a karkace, ta wuce ta inda gado ko shimfiɗa za ta kasance. Tun a kan takarda ka zana gadon, ka ja layi daga taga zuwa taga, ka ga ko ya taɓa shi. Kabad mai tsayi da labule mai kauri kada su tsaya a kan wannan layi.

Za a ce, to sirrin gida fa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce dalilin da ya sa mata da yawa ke barin taga a rufe ko ana gumi. Maganinta ƙyauren taga mai yanka-yanka, irin na ƙarfe da maƙeranmu ke yi, wanda ake karkata haƙarƙarinsa: iska ta shiga, ido bai shiga ba. A karkata su yadda za su tura iska ƙasa wajen masu zama. Tagar da ke kallon layi ta zama ita ce mai tsayi, ta zama mafita. Mai kallon tsakar gida ta zama ta ƙasa. A sa sandunan ƙarfe masu ƙwari, domin tagar da ake tsoron barinta a buɗe da dare ba ta da amfani. Ragar sauro dole ce, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne, amma a sani tana rage iska sosai, in ƙura ta toshe ta kuma ta zama bango. A ƙara girman taga saboda ita, a yi ta a kan firam mai cirewa, a wanke ta da burushi bayan hunturu.

Hanyar da zafi zai bi ya fita ta sama

Akwai darare, musamman a Mayu kafin ruwan farko da kuma lokacin agazari a Oktoba, da ko ganye ba ya motsi. A nan wata dabara ce ke aiki: iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take tashi. In ta samu kafa a can sama ta fita, sai mai ɗan sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Iya nisan da ke tsakanin kafar ƙasa da ta sama, iya ƙarfin jan. Don haka ka ɗaga ɗaki ya kai mita 3.2 ko 3.5, ka bar ƙananan kafofi dab da silin, da raga da ɗan murfi da za a iya rufewa. A gidan bene, matakala ita ce bututun: a buɗe mata tagogi a can ƙololuwa ta ɓangaren da iska ba ta bugawa.

Rufi shi ne babban mai kawo zafi, tunda rana a kansa take yini. Tol ba tare da silin ba gasa mutane yake. In tol za ka sa, yi rufi biyu: silin a ƙasa, tol a sama, tsakaninsu sarari na santimita 40 zuwa sama, a buɗe ta gefuna da raga saboda jemagu da tsuntsaye, iska ta riƙa share zafin kafin ya sauko. A ɗaure shi da kyau ƙwarai, domin iskar hadari na neman irin wannan rufin. A shafa wa samansa farin fenti. In rufin na dakalin siminti ne, a yi masa fari shi ma, ko a kafa masa rumfa a sama. Ga wurin kwanan bazara ya samu.

Bango mai riƙe sanyi

Yanzu ga inda Yamai da Tawa suka bambanta da garuruwan bakin teku. Fatar mutum na wajen digiri 34 zuwa 35. In iskar waje ta kai 42, buɗe mata taga shigo da wuta ne. Daga Maris zuwa Mayu tsarin shi ne: da hantsi, da zarar waje ya fi ciki zafi, a rufe komai. Bayan isha'i a buɗe komai har safe, iskar dare ta zare zafin da ke cikin bango. Ko a Afrilu, asubahin Yamai na sauka zuwa wajen digiri 26 ko 27, kuma wannan sanyin ake son ginin ya sha ya ajiye.

Sai dai bango siriri ba ya ajiye komai. Bulon siminti mai rami na santimita 15 yana barin zafin la'asar ya iso ciki daidai lokacin kwanciya. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 kuwa yana jinkirta shi wajen awa goma, kuma ya rage masa kaifi, sai ya iso lokacin da tagogi ke buɗe. Wannan ne sirrin ɗakin kakata.

Masu ganin ginin ƙasa na talauci ne su je jihar Tawa su buɗe ido. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A babban birni ma akwai gidajen Niamey 2000, benaye na bulon ƙasa da aka kammala a 2016. Abin da ƙasa ke buƙata shi ne harsashi na dutse ko siminti da ya ɗaga ta daga ruwa, da rufin da ya sauko ya kare ta, da kulawa a bangon gabas. A unguwannin da ruwa ke kwanciya kusa da kogi, wannan harsashi ba abin sakaci ba ne. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar bulon siminti, ya inuwantar da bangon da baranda, ya yi masa farin shafe.

Da damina lissafi ya juya. Zafi ya sauka zuwa wajen digiri 33 a Agusta, amma laima ta yi yawa, gumi ba ya bushewa. Nan tagogi a buɗe dare da rana, ba a rufewa sai hadari ya taso. Da hunturu kuma a rufe na arewa ruf, don haka ƙyaurensu ya zama mai zama daram, ba mai barin ƙura ta tsiyayo ba.

Tsakar gida da katanga

Iskar da za ta shiga ɗaki ta tsakar gida take biyowa. In an malale shi duka da siminti, ya yini yana shan rana, da dare shi ma murhu ne. A bar ƙasa ko yashi a mafi yawansa, a dasa itace. Dogon yaro na da inuwa duk shekara kuma yana jure fari, amma a nisanta shi da harsashi saboda saiwa, a sassabe rassansa na ƙasa domin iska ta wuce ƙarƙashinsa. Wurinsa yamma da kudu maso yamma. Mai babban fili da ya tarar da gawo a ciki kada ya sare shi: da rani yake ganye, da damina ya zubar, wato inuwa lokacin da ake nemanta, hanya a buɗe lokacin da ake son iska.

Doguwar katanga na kashe iska a bayanta har nisan da ya ninka tsayinta sau da yawa. A ɓangaren kudu da yamma, daga saman tsayin mutum a ƙarasa ta da bulo mai huda-huda. Yayyafa ruwa a tsakar gida da magariba, da ajiye randa ko rataya jiƙaƙƙen zani a bakin mashiga, suna aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ta bushe ƙayau. Da damina ba su ƙara komai sai laima.

In gidan ya riga ya tsaya

Yawancinmu ba sabon gini za mu yi ba. A irin ɗakin da na zauna a Talaje, abu uku ne ke sauya rayuwa, kuma ga jerinsu bisa muhimmanci: silin a ƙarƙashin tol da kafofi a tsakaninsu, huda mafita a can saman bangon baya ko na gefe, ko da santimita 40 da 60 ce, in maigidan haya da maƙwabci sun yarda, da rumfar zana ko ta kara a gaban bangon da rana ke duka. Ƙofar raga ta ƙarfe mai kulle, wadda za a kwana da ita a maimakon ƙyaure, ita ma tana mayar da ƙofa babbar mashiga. Fanka mai aiki da hasken rana da batiri ta cike giɓin daren da iska ta mutu. A ajiye ta a bakin taga tana jawo iskar waje, ba a tsakiyar ɗaki tana juya zafi ba. Da tsakar ranar bazara kuwa, tsoho ko jariri kada a bar shi gaban fanka da busasshen jiki. A jiƙa masa zani, a ba shi ruwa akai-akai.

Gwaji kafin yaɓe

Ga mai sabon gini, akwai rana ɗaya da bai kamata ta wuce ka ba: ranar da bango ya kai, rufi ya hau, amma ba a yi yaɓe ba. Gyara a lokacin cire bulo biyar ne. Bayan fenti kuwa fasa gida ne. Ka zo bayan magariba da kasko da garwashi da turaren wuta. Ka ajiye shi a bakin mashigar kowane ɗaki, ka tsuguna daidai tsayin katifa, ka haska fitila ka bi hayaƙin da ido. In ya miƙe ya yanka ɗakin ya fita ta ɗaya tagar, ɗakin ya yi. In ya tashi sama ya taru a silin, kafar sama ta yi kaɗan. In ya bi bango ya fice ya bar wurin gado, a saukar da bakin mashiga ko a gusar da mafita. In kuwa ya tsaya yana murɗawa a wuri ɗaya, ka fita ka duba abin da ya tare iskar a waje, galibi katanga ce ko bangon madafa. Ka sa alama da gawayi a inda za a gyara, ka nuna wa magini da safe kafin ya kwaɓa siminti.